Alhaji Sharfuddeen Ya Kwanta a Madina

Yaya Ƙaltume,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata kullum ina yi mata addu'a a Harami.

Ni lafiyata lau, kada ku tayar da hankali. Maigidana ne da nake wa direba, Alhaji Sharfuddeen, Ba'indiyen nan mai ƙera adaidaita sahu, ya faɗi bayan mun zo ziyara. Ɓarin jikinsa ya shanye. Asibiti sun sallame mu, muna wani ɗaki a unguwar Sultana. Ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki.

Yaya, mutumin da ya fara da facin taya a ƙauyensu har ya kafa masana'anta a Indiya da Kano, yau ko cokali ba ya iya riƙewa. 'Ya'yansa suna rigimar kamfani, babu mai ɗaga wayata. Bizata ta ƙare. In na fita sayen magani gabana faɗuwa yake, kada a kama ni, Alhaji ya mutu shi kaɗai a ɗaki.

Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Khalilu, Walid ya iso?" Babban ɗansa ke nan. Na ce yana hanya.

Don Allah ki je kamfanin a Sharaɗa, ki roƙi manaja ya nemo Walid. Ko bai zo ba, ya kira uban ya ji muryarsa. Gobe ma zai tambaye ni, kuma na gaji da yi masa ƙarya a garin Manzo.

Ƙanenki,
Khalilu