Ƙashin Matan Garinmu Ya Daina Kama Ɗori

Zuwa ga likitan da ke shugabantar asibitin yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Sahabi, mai ɗori ne ni a wani ƙauye kusa da Abare. Gado na yi wurin mahaifina, shi ma gado ya yi. Daga Gwashi har Gummi ana ɗauko mini masu karaya, kuma ba yabon kai ba, hannuna bai saba ba ni kunya ba. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya karanta.

Na ɗaya. Yayata Ige, wadda nake bi, ba ta kai sittin ba. A damina ta sunkuya za ta sauke tukunyar tuwo, ƙugunta ya ba da ƙara, ta zube. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma wani abu ya buge ta ba. Aka kira ni. Na yi abin da na saba, na shafa man shanu, na yi tofi, na kama tsintsiyar hannunta don in gyara mata kwanciya kafin in ja ƙafar. Likita, a cikin tafin hannuna na ji ƙashin hannun ya tafi, kamar karan da gara ta cinye. Na zo gyaran karaya ɗaya, na bar ta da biyu. Tun ranar ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba.

Na biyu. Ba ita kaɗai ba ce. Ɗorin da kan kama cikin kwana arba'in, a jikin wasu matan garin nan sai in kwance kara in tarar da ƙashi yana lilo yadda na bar shi. Da na zauna na yi tunani, sai na ga duk sana'arsu guda. Su ne matan da mazansu ke kawo wa dutsen zinare cikin gida su daka. Da safe a daka dutse a turmi, da yamma a share shi da tsintsiya a surfa gero a ciki. Mu muka kawo musu, ban cire kaina ba. Mun ɗauka ƙura ce kawai.

Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar mana yara, an zo an kankare ƙasar gidajenmu, an yi wa ƙanana magani, mun gode, Allah ya saka. Amma iyayen da suka riƙe taɓarya, suka shaƙi ƙurar shekara da shekaru, har yau babu wanda ya tambaye su ina ke ciwo.

Na uku, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Na kawo Ige asibitinka. Ma'aikacin da ya duba ta ko mayafinta bai ɗaga ba. Ya ce tsufa ne da sanyin ƙashi, ya ba mu ƙwayar rage zogi, ya kuma ƙara da cewa irinmu masu ɗori ne ke nakasa mutane. Na haɗiye, don a kan Ige yana da rabin gaskiya. To amma tsufa ne zai kama matar da autanta bai gama firamare ba, kamar wata maƙwabciyarmu da ita ma ƙashinta ya ƙi kama ɗori?

Daga baya wani likita a Gusau ya saurare ni. Ya ce ƙurar ma'adinai ba dalma kaɗai take iya ɗauka ba, akwai wata guba, kadmiyam, mai taɓa ƙoda ta riƙa zuƙe ƙarfin ƙashi a hankali. Bai ce lallai ita ce ba, ya ce sai an gwada. Ya ce zaizayar ƙashi tana da magani, amma ba a bayar da shi da ka, sai an duba ƙoda tukuna. Ashe akwai abin yi, mu muna nan muna ɗaure kara.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe: a gwada jini da fitsarin matan da suka yi dakan dutse, a ɗauki hoton ƙashinsu. In kayan aikin babu a wurinka, ka rubuta mana takarda zuwa inda suke, kada a sake sallamar mu da ƙwaya. Ka turo mace ma'aikaciya, don matan nan ba za su buɗe wa namiji baki ba. Sannan ka kira mu masu ɗori, ka nuna mana karayar da bai kamata mu taɓa ba. Ni zan fara zuwa, zan zauna a ƙasa in koya.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya, ya raba ka da ganin naka a irin wannan hali. Ige ce ta goye ni bayan rasuwar Innarmu, a bayanta na girma. Yau tana kirana in tayar da ita zaune ta yi salla, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, tsoron taɓa ta nake yi.

Wassalam.

Naka,
Sahabi mai ɗori