Mun Ari Rufi Don Mu Tarbi Baƙo

Malam Mai Shawara, don Allah ka agaza mini, ni da mutanen garinmu, tun kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ka yi haƙuri da rubutuna. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma ban ce mun ci yaƙin ba. Sulhu aka yi tsakanina da jahilcin, kowa ya riƙe rabinsa.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kurfi, wajen Wurma. 'Ya'yanmu Kurfi suke zuwa makaranta a ƙasa, da damina kuwa in rafi ya kawo sai su zauna gida. Cikinsu har da 'yata Ma'u, wadda ke gyara mini baƙaƙe tana rufe baki kada in ga dariyarta. Bara muka kafa ƙungiyar taimakon kai da kai, aka naɗa ni sakatare, don ni kaɗai ke da alƙalami mai shan tawada. Muka yi gayya muka buga tubali, mata suka yi ta ɗebo ruwa, Fulanin rugar Manu suka ba da aron jakuna. Aji biyu suka tashi tsaf. Hukumar gargajiya ta En'e ta ce in mun rufa da kwano za ta turo mana malami. A nan ƙarfinmu ya ƙare.

Sai Malam Sodangi, wakilin wani kamfanin sayen gyaɗa a Dutsin-Ma, Allah Ya saka masa da alheri, ya ce kamfaninsu ya ware asusu don taimakon ƙungiyoyi irin tamu, mu rubuta mu nema. Na rubuta. Na gai da manajan kamfanin, na gai da iyalinsa, na tambayi gajiyarsa ta bara da ta bana. Da na zo wurin faɗin abin da muke so, dattawa suka ce kul, ɗan mutunci ba ya yanka wa mai kyauta abin da zai ba shi. Sai na rubuta muna neman abin da ya sawwaƙa.

Aka aiko cewa manaja zai zo ya gani da idonsa. Rabo, shugabanmu, ya ce ba a garinsa ba, baƙo ya taso tun daga birni ya tarar da makaranta tsirara, baki buɗe tana kallon sama. Muka je wurin Alhaji Labaran, wanda ya sayo kwanon rufin shagonsa bai kai ga bugawa ba, muka ara. Muka jera a kan azara, muka danne da duwatsu ta inda ido ba ya kaiwa. Ni na riƙe tsani. Aka shafe bango da farar ƙasa, aka yanka rago, kowa ya sa rigar Sallah. Ni a cikin babbar rigar surukina na fito, tana share mini hanya.

Manajan Bature ne mai jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya zagaya, ya ɗaga kai ya ga kwano na walƙiya, ya ce bai taɓa ganin ƙauye mai himma irin namu ba. Muka yi ta gyaɗa kai, a zuci muna roƙon Allah kada iska ta taso. Ina jin motarsa ba ta kai Kurfi ba Alhaji ya aiko a mayar masa da kayansa.

Malam, mutanen nan sun yi mana halacci. Mota guda suka aiko: bencina na katako mai kyau, allunan bango, akwatin alli, har da ƙararrawa. Wallahi mun gode. Ran nan tsofaffi sun yi ta shafa bencinan suna sa albarka, Ma'u kuwa ta zaɓi nata tun a kan mota. Sai dai duk suna jibge a zaurena. Matata Kulu a karkace take shiga gida, ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin na tara abin zama haka ba, ga shi kuma babu inda za a zauna.

To ga abin da ya hana ni sakat. Manaja zai dawo ƙarshen wata ya ɗauki hoton yara a kan bencina cikin aji. Rabo ya ce a sake ara, alhali Alhaji ya riga ya buga kwanonsa, sai dai mu ɓamɓare masa shago. Ilu maƙeri ya ce a'a, wannan karon a sa tsumma, a ɓoye kekuna, yara masu ƙiba a tura su gidan kakanninsu. Ni kuwa tsorona manaja ya ga babu rufi ya ce mu maƙaryata ne, ya kwashe kayansa, mu bar Malam Sodangi da kunya. In kuma muka yi shiru, ruwan farko zai narkar da bangon, malami ba zai zo ba. Yaya za mu yi?

Naka, Mai Rabin Boko, ƙasar Kurfi.

AMSA

Malam Mai Rabin Boko, rabin naka ya isar, don na gane komai.

Ban ga mugun nufi a abin da kuka yi ba. Kun tarbi baƙo yadda aka koya muku, kun rufa wa garinku asiri. Amma manaja ma ba shi da laifi. Bai zo cin rago ba, ya zo duba abin da ya rage ne, kuka nuna masa babu saura sai wurin zama, ya aiko da shi. Asusu irin wannan ba kyautar maƙwabci ba ce da za a ji nauyin faɗi. Aikinsa ke nan a gaya masa buƙata da sunanta, kuma gyaɗarku na cikin abin da ya tara shi.

Ku bar wa Alhaji shagonsa. Ku bar tsumman Ilu ma, don wancan aron rufi ne, wannan aron talauci, duka biyun ba naku ba ne. Masu ba da taimako sun fi son wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tsaya, kuma bangonku ya isa shaida.

Kada ku bari manaja ya gani kafin ya ji. Kai da Rabo ku je Dutsin-Ma a makon nan, ku gaya wa Malam Sodangi yadda aka yi, shi ya fi cancanta ya fara ji. Sannan ka sake rubutawa. Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Ka gode da bencina, ka ce rufin da ya gani na aro ne don girmama shi, ka sa kafinta ya auna kwano da katako da ƙusar da ake buƙata, ka haɗa da alkawarin En'e na malami, mai gari ya sa hannu. Ban ga dalilin da zai kwashe bencina ba. Ina zaton dariya zai yi.

Amma ban yi maka alkawarin za su bayar bana ba, mai yiwuwa sai asusun baɗi. Saboda haka ku kai wannan buƙata ofishin En'e ma, kuma tun yau ku kira gayya a lulluɓe kan bangon da ciyawa da zana, ruwa kada ya riga ku.

Ranar hoto ku kai bencina cikin ajin yadda yake, yara su zauna, manaja ya ɗaga kai ya ga sama. Ku ba shi fura mai sanyi, sannan Rabo ya buɗe baki ya ce kwano kuke so. Allah Ya rufa muku asiri, Ya rufa makarantar, Ya yi wa Ma'u da 'yan'uwanta albarka.