Taƙi Biyu a Taswirar Mushe

Zuwa ga angona Issufu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiya, ina sanyi, yaya karatu? Mu nan Gazawa lafiya lau, gero ya shiga rumbu.

Ka ce za a ɗauke ka daga yammacin Rasha zuwa ƙarshen gabashinta. Sai na ja sandata har lakol, makarantar boko, na ce mushe, malamin yara, ya nuna mani a taswira. Daga nan zuwa Maraɗi ƙumbata ta rufe, amma Rasha ta cinye taƙina biyu. Ya ce idan gari ya waye a wancan bakin, a wannan bakin ana tuwon dare. Na ce, tafiyar kwana nawa ce a kan jaki? Ya ce in tausaya wa jakin.

Na yi dariya, sannan na tambaye shi, in na mutu, labari zai iske ka kafin sadakar bakwai? Sai ya sunkuyar da kai yana juya alli.

To, sabuwar gwamnatinmu da ta tura ka karatu aronka ta yi, ban sayar mata ba. Ka roƙi malamanka su bar ka a bakin da ke kusa da mu.

Ka gai da abokan karatunka. Ka sa ni addu'a, Allah ya sa ka iske ni zaune a ƙofar ɗaki.

Kakarka,
Hajo