Zama Kan Hannu

Litinin, 5 ga Yuni
Kwaleji sun bugo waya. Za a karrama Malam Lindsay Pascoe, shekara arba'in yana koyar da gyaran baya da hannu, wai ni zan yi jawabi a madadin tsofaffin ɗalibai. Na amsa. Ni da na fi kowa iya kwaikwayonsa a aji! Dokarsa ɗaya ce: mara lafiya na magana, ka zauna kan hannuwanka har ya gama. Mun sha dariya a kan wannan.

Alhamis, 8 ga Yuni
Merv Doolan, mai askin tumaki, ya zo karo na bakwai. Ciwon bayan bai sake shi ba. Ya ce, "Likita, murɗe ni da kyau, tumaki ɗari biyu na jira na." Na murɗe shi. Matarsa Bev ta tsaya bakin ƙofa kamar da magana, na ce mata sai wani zuwan. Mutum huɗu na jira.

Asabar, 10 ga Yuni
Na tuƙa zuwa gidan tsofaffi a Geelong, inda Malam yake, neman abin sawa a jawabi. Malam ya tsufa, ko kofin shayi ba ya riƙewa sai da hannu biyu. Na kawo zancen Merv, har da 'yar fariya, wai baya mai taurin kai.
Ya ce, "In ya kwanta ciwon na lafawa?" Ban sani ba.
"Ya rame?" Na tuna wandonsa yana zamewa.
"Me matarsa ta ce?"
Ban tsaya na ji ta ba. Sai ya ce, "Narelle, 'yata, yana magana ina hannuwanki suke?"
Har na iso gida Hamilton fuskata zafi take.

Talata, 13 ga Yuni
Na kira Bev. Ta ce Merv ba ya cin abinci, ya ƙara huji uku a bel ɗinsa, kwanciya ma ba ta rage ciwon. "Sau biyu na so gaya miki," in ji ta, ba da faɗa ba. Da ma ta yi faɗan. Na tura shi asibiti yau ɗin nan.

Laraba, 21 ga Yuni
Ciwon daji ne, ya shiga ƙashi. Mako bakwai ina dannawa a kai.

Lahadi, 25 ga Yuni
Taro. Na yi niyyar faɗin gaskiya, wallahi na yi. Da na ga cikar zauren sai na koma tsohuwar sana'a: na kwaikwayi zaman Malam, na tura hannuwa ƙarƙashin cinya, na ɗaga gira. Aka yi ta dariya da tafi, shi ma ya yi. Matsoraciya.
Da aka watse na tura shi a keken guragunsa zuwa mota. Ya ce, "Har yanzu kin fi ni iya ni." Na gaya masa sakamakon Merv. Ya kalli hannuwansa, ya ce:
"Kin ɗauka a littafi na samo zaman nan? Doreen Hatch sunanta. Wata uku na yi ina gyara mata baya, ashe ciwon ba na baya ba ne. Ban je wurinta ba sai ranar binnewa. Naki yana da rai, ki je."
Shekara arba'in, bai taɓa gaya wa aji ba.

Alhamis, 29 ga Yuni
Na je duba Merv. Ya fara godiya, wai ni na turo shi asibiti. Na ce a'a, tun zuwansa na biyu ya kamata in tura shi, ban saurara ba ne. Ya kalli rufi, can ya ce, "To, ni ma ban cika barin tunkiya ta yi bayani ba." Bev ba ta yi dariya ba. Likitoci sun ce za a yi magani, amma ba su yi alkawarin komai ba. Ta raka ni ƙofa, ba ta ce in dawo ba, ba ta ce kada in dawo ba.

Litinin, 3 ga Yuli
Sabuwar mara lafiya, mai tuƙa motar makaranta. Minti ashirin tana magana, har labarin karenta. Can ta tsaya ta ce, "Likita, lafiya kike zaune kan hannuwanki?"
Na ce ofishin ne da sanyi.