Ruwan Da Baba Yake Jira

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, jikin Baba ya ƙi daɗi. An ɗauki hoton cikinsa, likita ya ce akwai wata inuwa can bayan hanta, amma ba a gane ko mece ce ba, sai an buɗe an gani. Baba kuwa ya kafe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe cikin rediyon mutane, yau ya ce ba mai buɗe nasa! Wai 'yarsa tana haɗa wani ruwa da za a yi wa mutum allurarsa, ƙari ya fito fili a hoto ba tare da wuƙa ba, don haka shi zai jira. Har masu shara a asibitin sun haddace labarinki. Kullum ramewa yake yi. In ruwan ya samu ki aiko. In babu, ki faɗa masa da kanki, ni ba ya jin tawa.

Ki huta lafiya,
Yayanki.

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Ya jiki? Allah ya kawo sauƙi. Baba, maganar ruwan nan gaskiya ce. Ƙwayoyin ƙarfe ne ƙanana da ido ba ya gani, suna bin jini su taru a jikin ƙari, sai ya bayyana a hoto. Amma har yau ɓeraye kawai muka yi wa, kuma ba mu gama sanin yadda yake fita daga jiki ba. Kafin a yarda a yi wa mutum, za a ɗauki shekaru. Ina rubutun nan ina kuka. Don girman Allah kada ka jira ni, ka bari a yi aikin.

'Yarka mai neman albarkarka,
Auta.

Autata,

Na amsa gaisuwa. Share hawayenki. Ni ma ban taɓa mayar wa mutum rediyonsa ban gwada ba. Kada ki yi gaggawa saboda ni. Na yarda, za a yi.

Allah ya yi miki albarka,
Babanki.

Auta,

Ina gaisuwa. An buɗe, an tarar abin ya riga ya bazu, aka mayar aka ɗinke. Ya farfaɗo. Abin da ya fara cewa shi ne a ajiye miki abin da aka ciro, ko zai yi miki amfani a aikinki. Na kasa faɗa masa ba a ciro komai ba.

Ki taho.
Yayanki.