Notin da Ya Hana Ni Zuwa Gulma

Assalamu alaikum, Sanusi ƙanena.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya aiki, ya Rabi da yara? Ya ƙarin haƙurinmu? Nan Gesse kowa lafiya.

Ka tambayi abin da ya hana in iske Inna da rai. Ranar da anka kira ni daga garin Gulma cewa jikinta ya tashi, motata na kan jak ina canza burki a gida. Noti ɗaya ya ci tsatsa, ya ƙi motsi. Na zuba kananzir, na zuba man burki, na zura wa sifana bututu na taka da ƙafa. Maƙwabcina Baban Emeka ya ce, "Haba Alhaji, tasha ba nisa, hau ta haya mana." Na ce ni ba ni shiga Gulma cikin motar haya a ce na karye. Kwana biyu ina kansa.

Ran na uku da safe ya kwance. Ina wanke hannu anka bugo cewa ta cika.

Har yau ban yi kuka ba. Ina ci, ina buɗe shago. Yaya Hauwa ta ce sau biyu Inna ta tambayi ko na iso.

Ka sa ni cikin addu'a. Gaida mutanen gida.

Yayanka,
Bello