Ƙarfen da ke yatsana bai hana ni shiga rijiya ba

Zuwa ga Shugaban kwamitin kula da rijiyoyi na komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, yankin Gazawa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Isufu mai yasar rijiya, wanda ka soke sunansa daga jerin ma'aikata a ranin da ya wuce. Sau uku na zo buro, ofishinka, ana cewa ka fita, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko. Tun ina saurayi nake shiga rijiya ba takalmi, ina kafa babban yatsan ƙafa cikin ramukan da muke sarawa a bango. Da shekaru suka ja, gaɓar yatsan dama ta cinye, ta kumbura, ko sujada sai na cije baki. A Maraɗi likita ya kankare gaɓar, ya haɗa ƙasusuwan biyu da ɗan ƙarfe da ƙusoshi masu murɗi don su zama ɗaya. Kafin ya taɓa ni sai da ya sa na nuna masa yadda nake sauka rijiya, sannan ya saita yatsan a ɗan ɗage. Gindin ya daina lanƙwasa, amma gaɓar da ke kusa da farce tana aiki, ciwo kuma ya tafi.

Na biyu. Da na warke na dawo, ba ka dubi ƙafar ba, ba ka karanta takardar likita ba. Ka faɗa a gaban taro cewa ƙarfen zai yi tsatsa cikin ruwa ya lalata abin shan jama'a. Ranka ya daɗe, ƙarfen nan ba irin na hauya ba ne, ba ya tsatsa, kuma nama da fata sun rufe shi. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, don har maƙwabta sun fara ƙyamar in ja musu guga.

Na uku, kuma nan ne daɗin. Rijiyar ƙauyen surukanka ta cushe da yashi ana tsakiyar zafi, mutanen da ka bari a jeri suka leƙa suka ce ta yi zurfi. Mai gari ya aiko a kira ni. Na shiga da wannan yatsan, zurfin gaba ashirin da biyu, kwana huɗu ina fitar da laka, har ruwa ya tsattsafo ya kai mini ƙugu. Mata suka yi ta guɗa. Surukarka da kanta ta fara ɗiba, ta sha, ta ce bai taɓa yin garai haka ba. Wallahi ranar na fito ina dariya kamar ango.

Buƙatuna biyu ne. A mayar da sunana cikin jeri kafin rijiyoyi su sake ja baya. Sannan a wurin taron da ka faɗi waccan magana, ka tashi ka warware ta da bakinka, domin akwai wani maƙeri a garinmu da likita ya ce a yi masa irin aikin nan, ya ƙi zuwa saboda ya ga abin da ya same ni. Har yau yana ɗingishi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare gaɓoɓinka, ya ba ka ikon gyara wannan kuskure.

Wassalam.

Isufu mai yasar rijiya.